Yaya ake jinyar firgicin yaro alhali yaƙin bai ƙare ba?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai, na ce bari in kawo shi nan ko masu sani za su warware min. Na ci karo da sakamakon wani bincike da aka fitar a watan Disambar 2024, wanda wata cibiya ta Gaza ta gudanar da tallafin ƙungiyar War Child. Sun zanta da masu riƙon yara a gidaje kusan 500, gidajen da ke da yaro mai rauni, ko nakasasshe, ko wanda ya rabu da iyayensa. Kashi 96 cikin 100 na yaran nan suna jin ajalinsu ya kusa. Kusan rabinsu kuma fatan mutuwar suke yi. Yaro fa, jama'a! To kullum ina jin ana cewa ƙungiyoyi na kai musu tallafin lafiyar ƙwaƙwalwa. Me ake yi musu takamaimai? Kuma yana da wani amfani alhali abin da ya firgita su bai gushe ba?

Abdul Gusau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai gaskiya ban ga amfaninsa a yanzu ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A watan Agustan 2025 aka tabbatar a hukumance cewa an shiga matsananciyar yunwa a birnin Gaza. Yaron da ya kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba, ka zo masa da takarda da fensir mai launi ka ce ya zana abin da ke damunsa? Abin da ke damunsa yunwa ce. A kai gari, a kai madara, a kai magani. Sauran ya jira.

Usman Damagaram:
Na goyi bayan Abdul. A tsayar da luguden wuta, a buɗe iyaka, shi ne maganin.

Hauwa Nas:
Salamu alaikum. Hajiya, na gode da kika ɗauko wannan magana. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma na yi aiki a sansanonin 'yan gudun hijira a nan Maiduguri lokacin da rikici ya yi tsanani, don haka zan faɗi abin da na sani.

Malam Abdul, masu wannan aikin ba su saɓa maka ba. Tsarin da hukumomin agaji na duniya suka amince da shi tun 2007 hawa huɗu ne. Hawan ƙasa, wanda kowa da kowa ke buƙata, shi ne tsaro, abinci, ruwa da wurin kwana. Na biyu shi ne a ƙarfafa iyali da unguwa: a haɗa yaro da danginsa, a dawo da karatu da wasa da ibada cikin jama'a. Na uku shi ne zama da yaro ko ƙaramin rukuni tare da wanda aka horar, ko da ba likita ba ne. Na huɗu, can sama, shi ne likitan ƙwaƙwalwa da magani, kuma kaɗan ne ke kaiwa nan. Wato buhun garin da kake magana a kai yana cikin jinyar, shi ne ma tushenta.

Inda na rabu da kai shi ne "sauran ya jira". Ba ya jira. Akwai yaron da za ka ajiye masa abincin ya kasa ci. Akwai wanda ya daina magana ƙwata-ƙwata. A 2022, tun kafin wannan yaƙin, Save the Children ta yi bincike a Gaza bayan shekara 15 da ƙaƙaba wa zirin takunkumi. Yara huɗu cikin biyar suna fama da tsoro, baƙin ciki da ƙunci. Kashi 79 cikin 100 na iyaye sun ce fitsarin kwance ya ƙaru a wurin 'ya'yansu, kashi 59 kuma sun ce sun ga ƙaruwar yaran da bakinsu ke mutuwa saboda razana. Wannan kafin Oktoban 2023 ke nan.

Maman Sadiq:
Innalillahi. Anti Hauwa, bakin yaro ya mutu kamar yaya? Bebe yake zama?

Hauwa Nas:
Ba bebantaka ba ce ta haihuwa, harshensa lafiya lau. Tsoro ne ke ɗaure shi. Na ga irin haka da idona. Wani yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, kakarsa ce ta kawo shi. Yana ji, yana ganewa, in ka ce ya miƙo kofi zai miƙo, amma ko "a'a" ba ya cewa. Duk sanda aka buga ƙofar kwano da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin benci ya toshe kunnuwa. Da dare kuma yana jiƙa tabarma, kakar tana dukansa don a ganinta lalaci ne, ga ruwan wanki sai an yi layi. Abin da muka fara yi bai shafi yaron ba ma, da kakar muka zauna. Muka nuna mata ba da gangan yake yi ba, muka ba ta leda ta shimfiɗa ƙarƙashin tabarma, muka roƙe ta ta daina faɗa a gaban sauran yara, ta riƙa tashinsa sau ɗaya cikin dare ta raka shi bayan gida, ta bar shi ya kwana jikinta. Shi kuma ba wanda ya tilasta masa ya ba da labarin abin da ya gani. Aka sa shi cikin yara masu wasa, aka koya musu jan numfashi a hankali suna hura balan-balan. Sannu a hankali ya fara raɗa wa kakar magana a kunne.

Irin wannan ne mafi yawan abin da ake yi a tantunan Deir al-Balah da Mawasi a zirin Gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da abin da ake kira agajin gaggawa na zuciya, mai matakai uku: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da abin da yake buƙata. Malamin makaranta ko ɗan sa-kai zai iya koya cikin ɗan lokaci. Dole ma a dogara da irinsu, domin asibitin masu taɓin hankali ɗaya tilo da Gaza ke da shi ya daina aiki tun Nuwamban 2023, su kuma UNICEF a Fabrairun 2024 suka ce kusan duk yaran zirin, sama da miliyan ɗaya, suna buƙatar irin wannan tallafi. Likitoci nawa za su ishi miliyan ɗaya?

Malam Habibu:
Ina bin maganar tun ɗazu. Allah ya saka wa Malama Hauwa da alheri. Amma ina da ja. Mutanen nan Allah ya ba su imanin da mu ba mu kai ba. Kuna ganin uwa ta ɗauko gawar ɗanta tana cewa "Hasbunallahu wa ni'imal wakil". Yara suna haddar Alƙur'ani a cikin tanti. Wannan ai shi ne maganin zuciya. Ina tsoron a shigo musu da tunanin Turawa a mayar da su marasa lafiya, alhali su jarumai ne masu haƙuri. Zikiri da addu'a sun ishe su.

Malam Nura Zariya:
Akramakallah, a yi min izini in ɗan ƙara. Babu mai musun cewa ambaton Allah yana natsar da zuciya. Amma imani ba ya hana baƙin ciki taɓa jiki. Annabi Yaƙub, alaihis salam, da bakinsa ya ce haƙuri mai kyau, duk da haka ya yi ta baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma Allah bai zarge shi ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Sannan ka tuna ƙanin Anas bin Malik, Abu Umair, ɗan yaron da tsuntsunsa ya mutu. Annabi ya lura da damuwarsa, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Tsuntsu fa kawai. To ina ga yaron da aka zaƙulo daga ƙarƙashin ɓaraguzan gini ya tarar babu uwa babu uba? A tsaya a saurare shi, wannan sunna ce, ba baƙon abu ba. Kuma an umarce mu da neman magani.

Malam Habibu:
Hujjojinka ingantattu ne Malam Nura, ban musa ba. Damuwata ita ce wa ke yin aikin, kuma da wace tarbiyya. Wanda bai san addininsu ba, bai san al'adarsu ba, ya sauko daga jirgi ya zauna da 'yar mutane a ɗaki, wannan ne ban natsu da shi ba.

Hauwa Nas:
Malam, hankalinka ya kwanta ta wannan fuskar, domin galibin masu aikin 'yan ƙasa ne. Babbar cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta al'umma a Gaza, wani likita Bafalasɗine ne ya kafa ta a 1990, Dakta Iyad Sarraj, wanda ya rasu a 2013. Ya kafa ta ne a zamanin boren Intifada na farko, da ya ga halin da yara da waɗanda aka sako daga kurkuku ke ciki. Wanda ya jagorance ta daga baya, Dakta Yasir Abu Jami, a yaƙin 2014 hari ɗaya ya hallaka masa dangi sama da 20 a yankin Khan Yunis, cikin watan azumi, kuma ya ci gaba da aiki. Ma'aikatansu ma tun 2023 a tanti suke kwana kamar kowa, su fito da safe su saurari kukan wasu. A can Ramallah kuma, a Gaɓar Yammacin Kogin Jordan, akwai ƙungiyar Sawa da ke da layin waya kyauta, yara da mata na kira a saurare su da Larabcinsu. Waɗannan sun san Alƙur'anin, da shi suke lallashin iyaye. Kuma sun san kunyar da ke hana mutum zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa don kada a ce ya haukace, ko a ƙi auren 'yarsa, irin dai wadda muke fama da ita a nan.

Usman Damagaram:
Ni fa abin da ke ci min rai daban ne. Da zarar an ce "yaron yana da ciwon damuwa", sai maganar ta koma kan yaron, a manta da wanda ya jefa bam ɗin. Kamar laifin a kansa yake. Yaron da ya firgita don jirgi maras matuƙi yana shawagi a kansa dare da rana, lafiyarsa ƙalau, duniyar ce ba ta da lafiya.

Hauwa Nas:
Malam Usman, wannan magana taka likitocinsu sun riga ka faɗa. Dakta Samah Jabr, likitar ƙwaƙwalwa daga birnin Ƙudus wadda ta shugabanci sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a ma'aikatar lafiya ta Falasɗinu, ta daɗe tana cewa ma'aunin da aka saba amfani da shi bai dace da su ba. An gina ma'aunin ne kan mutum irin sojan da ya je yaƙi ya dawo gida, haɗari ya wuce amma zuciyarsa ta ƙi yarda. Shi kuwa yaron Gaza haɗarin bai wuce ba. In yana tsoron a rusa gidansu, ba ruɗu ba ne, ana rusawa. Ka lissafa: wanda aka haifa a 2007 ya ga yaƙin 2008 zuwa 2009, ya ga na 2012, na 2014, na 2021, sannan wannan. Duk a cikin fili mai faɗin murabba'in kilomita 365 da ba shi da ikon fita.

Saboda haka mai aikin kirki a can ba ya ce wa yaro "kada ka ji tsoro, babu abin da zai faru", don ƙarya ce kuma yaron ya sani. Abin da yake koya masa shi ne yadda zai samu barci, yadda zai dawo da numfashinsa in ƙirjinsa ya ɗaure, wurin wa zai gudu, da kuma cewa ba shi ya jawo mutuwar ƙanwarsa ba. Wannan na ƙarshen yana da yawa fiye da yadda kuke zato. Yaro sai ya ɗora wa kansa laifi, ya ce don ya aike ta ɗebo ruwa ne, ko don ya yi mata faɗa da safe.

Usman Damagaram:
Na fahimta. Amma dai ina nan kan bakana cewa kada wannan ya zama abin da manyan ƙasashe za su fake da shi, su ba da kuɗin wasan yara da hannun dama, su sayar da makamai da na hagu.

Malama Rabi:
Ni malamar firamare ce, don haka ta ɓangaren makaranta nake kallon abin. Ɗalibai kusan 625,000 ne karatunsu ya tsaya cak a Gaza daga Oktoban 2023. Makarantun UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, waɗanda a da suke da masu ba yara shawara a cikinsu, sun koma matsugunin 'yan gudun hijira, da yawa kuma an rusa su. Wanda bai taɓa koyarwa ba zai ɗauka ABCD kawai aka rasa. Makaranta ita ce ke gaya wa yaro yau Litinin ce, gobe Talata. A tashi, a wanke fuska, a yi layi, a kira sunanka ka amsa. Malami ne kan fara lura cewa wance ta daina dariya, ko wane ya fara cizon 'yan uwansa. Shi ya sa nake jinjina wa malaman da suka kafa azuzuwa a tanti, allo ɗaya, yara a zaune a ƙasa. Ko ba su koyi lissafi sosai ba, awa biyun nan da suka san inda za su da abin da zai biyo baya magani ne.

Kuma don Allah mu tuna yaran nan ba firgici kaɗai suka iya ba. A 2011 yaran Gaza suka kafa tarihin duniya, suka tashi filfilon takarda sama da 12,000 lokaci guda a bakin teku, a wasannin hutun da UNRWA ta shirya. Waɗanda suka riƙe zaren ranar, yanzu su ne iyaye matasa a tantunan.

Abdul Gusau:
Malama, na yarda da batun makaranta. Amma ita UNRWA ɗin ai majalisar Isra'ila ta yi dokar haramta ayyukanta a Oktoban 2024. Kin ga mun dawo kan maganata, sai an buɗe hanya tukuna.

Malama Rabi:
Haka ne, dokar ta fara aiki a Janairun 2025, ta kuma takura su ƙwarai. Amma malamansu 'yan Gaza ne, suna ciki, ba su jira buɗe hanya ba.

Baba Alhaji Ɗanlami:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Abu biyu. Na farko, wannan kirarin "jarumai" da muke yi wa yaran, mu yi hattara da shi. Na riƙi marayu a gidana. In ka cika ce wa yaro "kai namiji ne, ba ka kuka", zai daina kukan a gabanka, ya koma yi a ciki, bayan shekara goma sai ka ga abin ya fito ta wata hanya, ko faɗa, ko shaye-shaye, ko ya kasa zama da iyali. A bar yaro ya yi kukansa.

Na biyu, hotunan nan da muke turawa juna. Yaro yana karkarwa, jini a fuska, an saka masa waya a baki ana tambayarsa ina babansa. Na san ana yi ne don duniya ta gani, kuma lallai ya kamata ta gani. Amma yaron zai girma ya tarar da ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsa tana yawo a hannun mutane. Kuma ku iyaye, 'ya'yanku na leƙa wayoyinku suna gani.

Maman Sadiq:
Wallahi Baba gaskiya ne. Allah ya ƙara girma.

Jamilu:
Ina so in ja hankalinmu zuwa wani ɓangare da ba a taɓo ba. Duk maganarmu kan ƙanana ce, kuma kan Gaza. Samari fa, 'yan 13 zuwa 17, musamman a Gaɓar Yammacin Kogin Jordan? Ƙungiyar kare haƙƙin yara ta DCI reshen Falasɗinu ta daɗe tana cewa duk shekara ana gurfanar da yara tsakanin 500 zuwa 700 a kotunan sojan Isra'ila, galibi kan zargin jifa da dutse, kuma da yawa cikin dare ake ɗauke su daga gida. Ku duba Ahmad Manasra. Yana ɗan shekara 13 aka kama shi a 2015, bisa alaƙa da harin wuƙa da aka kai a gabashin Ƙudus tare da ɗan uwansa. Ya daɗe a tsare shi kaɗai a ɗaki, likitoci suka tabbatar ya kamu da taɓin hankali mai tsanani, aka yi ta roƙon a sake shi aka ƙi, sai a Afrilun 2025 ya fito. Duk abin da mutum zai ce kan shari'ar, yaro ne ya shiga, majinyaci ya fito.

A sansanin 'yan gudun hijira na Jenin, a Gaɓar Yamman, an buɗe gidan wasan kwaikwayo na Freedom Theatre a 2006, inda samari suka riƙa fitar da abin da ke cinsu a kan dandamali maimakon su haɗiye. An kashe wanda ya jagoranci kafa shi, Juliano Mer-Khamis, a 2011, sojoji sun kai wa gidan samame a Disambar 2023, sannan a farkon 2025 aka kori mutane kusan 40,000 daga sansanonin Jenin, Tulkaram da Nur Shams. Ina waɗannan samarin za su kai zafin zuciyarsu yanzu?

Hauwa Nas:
Jamilu, ka taɓo inda ya fi wuya. Ƙaramin yaro yana zuwa wurin wasa da kansa. Saurayi ba ya zuwa, yana ganin raini ne. Ga shi da yawansu sun zama masu gida da ƙarfi da yaji: shi ne bin layin ruwa, shi ne neman itace, shi ne zuwa karɓo abinci inda ake harbi. UNICEF ta ƙiyasta tun farkon 2024 cewa yara aƙalla 17,000 ne suka rabu da iyayensu a Gaza, kuma sau da yawa babban wa ko babbar ya ce ke riƙe da ƙannen. 'Yan mata kuma ga rashin audugar mata da rashin wurin suturta kai a tanti mai cike da mutane, abin da ba za su iya faɗa wa kowa ba.

Abin da na ga yana aiki da samari shi ne a ba su aiki, ba a zaunar da su a ce su yi bayani ba. A sa shi ya kula da rukunin ƙanana, ya horar da su ƙwallo, ya taya raba kaya, ya koyi agajin gaggawa. Ana cikin aikin, kafaɗa da kafaɗa, sai maganar ta fito da kanta.

Jamilu:
To Anti, wanda aka sako daga tsare fa, me iyali ya kamata su yi? Na ga ana tarbarsu da gangami, a ɗaga su a kafaɗa.

Hauwa Nas:
Tarbar ba laifi, yana buƙatar ya san ba a manta da shi ba. Matsalar tana farawa bayan mako biyu, in baƙi sun watse. Ba ya barci, ƙarar mota da dare tana tayar da shi, ya koma aji ya tarar sa'o'insa sun wuce shi, wani lokaci ma abokai na zarginsa ko ya ba da sunan wani a wurin tambayoyi. Uba kuma yana fama da nasa ciwon, don a gabansa aka tafi da ɗan bai iya hanawa ba. Akwai cibiyar jinyar waɗanda aka azabtar a Ramallah, da cibiyar ba da shawara ta Falasɗinu da aka kafa a Ƙudus tun 1983, suna aiki da irin waɗannan iyalai. Abin da ake gaya wa iyaye shi ne kada a matsa masa da tambaya, kada kuma a hana shi in ya fara magana. A mayar da shi makaranta ko koyon sana'a da wuri. In ya fara maganar mutuwa, ko yana raba kayansa, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, wannan ya wuce na gida, a nemi likita a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Malam Habibu:
Wannan na ƙarshen ya kamata limamai su sani, domin wurinmu ake fara kawo irin yaran nan a ce a yi musu ruƙiya. Malama Hauwa, ki rubuto min alamomin dalla-dalla, waɗanda in na gani zan yi addu'a in kuma ce a wuce asibiti.

Hauwa Nas:
To Malam, in sha Allah in na tashi daga aiki yau da daddare zan rubuto su a nan, kowa ya samu.